Jinyar Mai Shanyewar Ɓarin Jiki: Daga Awar Farko Zuwa Tashi Tsaye

Da asuba ne cikin hunturu Kawu ya faɗi. Ya ɗauki buta ya shiga banɗaki, aka ji ƙarar butar a ƙasa, daga nan shiru. Da aka ɓalle ƙofa aka same shi jingine da bango, baki ya karkace, hannun dama ya saki, ido a buɗe yana kallonmu, amma ba abin da ke fita daga bakinsa sai "to... to...". Nan take gida ya rabu biyu. Wasu suka ce gamo ya yi, tunda banɗaki ne kuma da duhu, wasu suka ce a nemo mota. Na farko suka yi rinjaye. Kwana biyu ana tofi da turare kafin aka kai shi asibiti, aka auna hawan jininsa, lambar sama ta awon ta haura 200. Likita ya tambayi yaushe abin ya faru, muka faɗa masa, ya ɗan yi shiru kafin ya ci gaba da rubutu. Har yau shirun nan yana damuna.

Abin da na koya a jinyarsa, daga bakin likitoci da masu gashin ƙashi (ma'aikatan asibiti masu motsa gaɓoɓi da koyar da motsa jiki) da kuma kurakuranmu, shi zan shimfiɗa a nan.

Ciwon a ƙwaƙwalwa yake

Hannun da ya shanye lafiyarsa ƙalau. Abin da ya lalace shi ne wurin da ke ba shi umarni. Ko dai gudan jini ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwa, ko jijiyar ta fashe jini ya kwarara a ciki. Ta kowace hanya, wani yanki na ƙwaƙwalwar yana rasa jini ya fara mutuwa cikin mintuna, kuma aikin da yankin ke yi shi ke tsayawa: motsi, ko jin taɓi, ko gane abin da ido ya gani, ko magana.

Jijiyoyin saƙo suna gittawa ne kafin su sauka jiki. Ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ke tafiyar da ɓarin dama na jiki, na dama ke tafiyar da hagu. A wurin mafi yawan mutane kuma mazaunin magana yana hagu. Shi ya sa wanda damansa ta shanye, kamar Kawu, sau da yawa magana ke ɗauke masa, wanda kuma hagunsa ta shanye yakan riƙe maganarsa amma ya gamu da wata matsalar da zan zo kanta.

Akwai babban bincike mai suna SIREN da Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, aka wallafa sakamakonsa a 2018. Ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba wajen jawo ciwon a yankinmu, kuma kusan ɗaya cikin uku na majinyatan fashewar jijiya ce ta same su. Wannan kaso ya fi na ƙasashen Turai yawa.

Mataki na farko: a gane, a ruga

Gwaji uku ne, ba sa cin minti ɗaya. Ka ce ya yi murmushi ko ya nuna haƙoransa, ka ga ko gefe ɗaya ya zube. Ka ce ya ɗaga hannu biyu gaba ya riƙe, ka ga ko ɗaya na sauka da kansa. Ka ce ya maimaita gajeriyar magana, ka ji ko harshe ya harɗe ko kalmomin sun rikice. Ko ɗaya daga cikin ukun aka gani, a dubi agogo a riƙe lokacin, a nemi mota. Haka nan idan gani ya ɗauke farat ɗaya, ko jiri mai kayar da mutum, ko ciwon kai mai tsananin da bai taɓa yin irinsa ba.

Lokacin da aka riƙe yana da amfani, domin allurar narkar da gudan jini ana yin ta ne cikin awa huɗu da rabi daga farawar alamu. Ba kowane asibiti ke da ita ba, kuma tana da tsada. Amma ko babu ita, zuwa da wuri na ceton rai: a daidaita jini, a auna suga (faɗuwar suga kan kwaikwayi shanyewar ɓarin jiki sak, kuma nan take ake gyara ta), a kare huhu. A nufi babban asibitin da ke da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Shika, ko na Sakkwato da Maiduguri, ko Babban Asibitin Yamai. Hoton ne kaɗai ke rarrabe toshewa da fashewa.

Kafin a isa, a kwantar da shi ta gefe, a sassauta masa wuyan riga. Kada a ɗura masa komai a baki, ko ruwa ko rubutu ko zuma. Kada a ba shi asfirin, don idan fashewa ce ƙara zubar jinin zai yi. Kada a haɗa masa magungunan hawan jini don a saukar da shi da ƙarfi. Addu'a kuwa a yi ta a cikin mota, ba ta hana tafiya.

Wani lokaci alamun kan zo su wuce cikin mintuna, mutum ya miƙe garau ya ce iska ce ta ɗan buge shi. Wannan gargaɗi ne, kuma babban na iya biyowa baya cikin 'yan kwanaki. A ranar ya kamata ya ga likita.

Mataki na biyu: haɗiya

Da yawa daga cikin waɗanda ake rasawa a makonnin farko abinci ne ke bin hanyar iska ya sauka huhu ya zama namoniya. Saboda haka kafin a fara ba shi abinci da baki, sai ma'aikacin lafiya ya gwada haɗiyarsa. Idan aka ce sai an sa robar hanci ta ba da abinci, kada a ƙi don tausayi, galibi ta ɗan lokaci ce.

A gida, a zaunar da shi sosai kafin loma ta farko, kai ya ɗan sunkuyo, ba a kwance ba. Ruwa tsinkakke ya fi saurin sa mutum ƙwarewa, don haka kunu mai kauri da fate da tuwo mai laushi da aka dama da miya sun fi sauƙin wucewa. Ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye kafin a ƙara. Bayan an gama a duba kuncin da ya shanye, abinci kan maƙale a can bai sani ba, a wanke baki, a bar shi a zaune kamar rabin awa. Tari lokacin ci, ko murya ta koma kamar mai kurkure baki, ko zazzaɓi, duk alamu ne na komawa asibiti.

Mataki na uku: motsi

Da farko hannu da ƙafa sukan saki laƙwas. Bayan 'yan makonni sai su fara sanƙarewa: gwiwar hannu ta lanƙwashe, yatsu su dunƙule, tafin ƙafa ya miƙe ƙasa. Idan aka bar su haka gaɓoɓin za su ƙage, ko ƙarfi ya dawo ba za su yi aiki ba.

Kuskuren da ya fi yawa, mu ma mun yi shi, shi ne jan hannun da ya shanye don a tayar da majinyaci. Naman da ke riƙe kafaɗa ya saki, ana ja sai ƙashin ya zame daga gurbinsa, ciwon kafaɗar kuma ya zame masa abin kuka wata da watanni. Kada a ja hannun, kada a cicciɓe shi ta hammata. A ɗaura masa zani mai ƙarfi a ƙugu a riƙe nan. In yana zaune, a ɗora hannun kan matashi, kada ya yi ta reto.

A riƙa juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana, muddin ba ya iya juyawa da kansa. Kwanciya kan ɓarin da ya shanye ba laifi ba ce, in dai an jawo kafaɗar gaba don kada ya danne ta, an sa matashi tsakanin gwiwoyi.

Sau biyu ko uku a rana a motsa kowace gaɓa a hankali, daga kafaɗa zuwa yatsu, daga ƙugu zuwa idon sawu, kamar sau goma-goma, a tsaya inda ciwo ya fara. A buɗe yatsun a shimfiɗa tafin a kan cinya. Mutane na son ba majinyaci ƙwallo ya yi ta matsawa. A tambayi likitan gashin ƙashi tukuna, don hannun da ya sanƙare ya riga ya iya damƙa, buɗewa ce ke ba shi wuya.

Sannan shi ma ya yi da kansa. Ya sarƙe yatsun hannayensa biyu ya ɗaga su sama, mai lafiya na taimakon marar lafiya. Yana kwance ya lanƙwashe gwiwoyi ya ɗaga ƙugu. Daga nan zama a bakin gado, ƙafa biyu a ƙasa, har ya iya zama ba jingina. Sai tashi tsaye daga kujera mai ɗan tudu, mai jinya na tsaye ta ɓarin da ya shanye. Sai koyon ɗora nauyi kan ƙafar mai rauni, sannan taku. Sanda a hannu mai lafiya ake riƙe ta. Wajen hawa matakala ƙafa mai lafiya ke fara hawa, wajen sauka mai rauni ke fara sauka. Riga kuwa, hannu mai rauni ake fara zurawa, shi ake cirewa a ƙarshe.

Sauƙi ya fi sauri a wata uku na farko, sannan ya ci gaba a hankali har bayan wata shida da shekara. Waɗannan watannin ne aka fi ɓarnatarwa wajen yawon neman magani gari-gari, majinyaci na kwance a bayan mota. A je sashen gashin ƙashi tun da wuri, mai jinya ya tsaya ya kalli yadda ake yi, ya roƙi a gwada masa da hannunsa, don sauran kwanakin mako shi ne zai yi a gida. Kuma duk abin da majinyaci zai iya yi wa kansa a bar shi ya yi, ko zai ɗauki rabin awa yana sa hula. Ƙwaƙwalwa da maimaici take buɗe sabbin hanyoyi. Yi masa komai don ƙauna hana shi warkewa ne.

Mataki na huɗu: fatar da ba ta ji

Ɓarin da ya shanye sau da yawa yakan sage, ba ya jin zafi ko sanyi ko tsini. A nan gashi da ruwan zafi ke yin ɓarna, haka kaskon garwashi da ake turawa kusa da ƙafa a hunturu. Na ga ƙafar da ta ƙone har ta tashi bororo mai ita bai ce uffan ba. A riƙa gwada ruwan wanka da hannun mai jinya. Kada a bari a yi masa ƙaho ko tsaga a wannan ɓarin, rauni a nan ba ya saurin warkewa.

Kullum a duba fatar ɗuwawu da ƙugu da diddige da idon sawu. A baƙar fata ja ba ya nunawa, don haka a nemi wurin da ya fi kewayensa duhu ko ɗumi ko tauri. Wannan shi ne farkon gyambon kwanciya, a ɗauke nauyi daga kansa nan take. Shimfiɗa ta zama a bushe, ba tattara.

Akwai kuma wanda ba ya sanin inda hannunsa yake sai ya kalla. Zai iya kwanciya a kansa, ko yatsu su shiga tayar keken guragu. Don farkar da jin taɓi, a cika kwano da gero ko wake, a binne makulli da carbi da cokali, ya lalubo su da hannun, da farko yana kallo, daga baya ido a rufe. Wasu kuma akasin sagewa suke samu, zugi kamar an shafa barkono, ko taɓin mayafi ya zame musu azaba. Ba raki ba ne, daga ƙwaƙwalwa yake, farasitamol ba ya cika taɓa shi, amma likita na da magungunan da ke rage shi.

Mataki na biyar: idan rabin duniya ya ɓace

A ɗakin da aka kwantar da Kawu akwai wani dattijo da hagunsa ta shanye. Magana tas. Amma in aka ajiye masa kwanon tuwo, sai ya cinye na dama kamar an raba da wuƙa, ya ce a ƙaro. Ɗansa in ya tsaya ta hagu ya gaishe shi, sai ya waiwaya dama yana neman mai maganar. Iyalansa suna ta cewa fushi yake da yaron. Idonsa kuwa lafiya lau. Ƙwaƙwalwarsa ce ta daina lissafi da duk abin da ke hagu, har da jikinsa.

Gwajin mai sauƙi ne. A miƙe masa igiya a ce ya kama tsakiyarta, zai kama can kusa da ƙarshen dama. Ko a ce ya zana agogo, zai cusa lambobin duka a gefe ɗaya. Irin wannan majinyaci yakan musa cewa yana da wata matsala, ya yunƙura zai tashi ya faɗi, don haka ba a barinsa shi kaɗai a bakin gado. Wajen koyarwa, a riƙa zuwar masa ta ɓarin da ya manta, a ajiye rediyo a can, a sa wani abu mai launi a gefen kwanon a ce ya juya kai har sai ya gan shi, a ɗauki hannunsa mai lafiya a shafa masa ɗayan yana kallo. Amma ruwan sha da abin kiran mutane a bar su inda yake gani.

Wani kuma rabin ganinsa ne ya tafi a idanu biyun, yana cin karo da ƙofa ta gefe ɗaya. Shi ya san da matsalar, yakan koyi juya kai. Dukansu biyu ba su ba tuƙin mota ko babur sai likita ya amince. Akwai na uku, mai ƙarfi a hannu amma tsarin aiki ya ɓace masa: ya riƙe asuwaki yana juya shi, ko ya zura ƙafa a hannun riga. Yawan bayani ruɗa shi yake. A ɗora hannu a kan nasa a yi aikin tare, gaɓa ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na shida: magana

Wannan ya fi komai ci wa Kawu rai, mutumin da a da shi ake kira sasanci. Matsalar magana iri-iri ce, kuma sanin wacce ce ke nuna yadda za a bi da ita.

Ta farko, harshe da leɓe ne suka yi nauyi. Kalmomin daidai suke, fitarsu ce a harɗe. Wannan yana iya rubutu, kuma in ya sassauta ana gane shi. Ta biyu, ya san abin da yake son faɗa amma kalmar ta ƙi zuwa. A 1861 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya bayyana majinyacin da ba ya iya furta komai sai "tan", bayan rasuwarsa aka ga lahani a gaban ɓarin hagu na ƙwaƙwalwarsa. "To... to..." ɗin Kawu ke nan. Ta uku ita ce wadda Bajamushe Carl Wernicke ya bayyana a 1874: magana na zuba ba tsayawa amma ba ma'ana, shi kuma ba ya gane abin da ake faɗa masa, bai ma san maganarsa ta rikice ba. Wannan ne aka fi zalunta, don sai a ce ya haukace ko aljanu ne ke magana a bakinsa, alhali mazaunin fahimtar kalma ne ya taɓu.

Hankalin mai irin ta Kawu yana nan. Ranar da wata 'yar dubiya ta tsaya a kansa ta ce, "Allah sarki, ko yana ma gane mutane?" sai muka ga hawaye na bin kuncinsa. Tun daga ranar muka sa doka: duk mai magana ya yi da shi, ba a kansa ba.

A kashe rediyo, mutum ɗaya ya yi magana, a zauna inda yake ganin fuska. Gajeriyar jimla, murya daidai, don ba kurma ba ne, kuma ba a yi masa maganar yara. Maimakon "me kake so?" a ce, "Kawu, ruwa za ka sha?" ana nuna kofi. A jira, a ƙirga har goma a zuci kafin a taimaka. In kalmar ta maƙale, a ba shi farkonta: "ru...". A lura, wasu "i" da "a'a" kan musanya musu, sai a tabbatar da nuni. A yi masa kwali mai hotunan kofi da buta da banɗaki da gado da fuskokin 'yan gida.

Abin da ya buɗe mana ƙofa shi ne wata magariba da ɗan'uwana ke salla kusa da gadonsa. Ya fara Fatiha, sai muka ji Kawu ya ɗauka, tiryan-tiryan har ƙarshe, mutumin da ya kasa cewa "ruwa". Masu gida suka ce waraka ta zo. Likita ya bayyana mana cewa abin da baki ya haddace tun yarinta, kamar karatu da ƙirge da kwanakin mako da gaisuwa, yakan tsira ko an rasa sauran magana. Sai muka mayar da shi tsani. Kullum da safe, "Kawu, ina kwana?" har "lafiya lau" ta zauna. Sai ƙirga carbi, sai sunayen 'ya'yansa bi da bi. Minti goma sau uku a rana ya fi awa guda a zama ɗaya, don gajiya na ƙara ɗaure harshe. Masu koyar da magana ba su da yawa a asibitocinmu, amma a tambaya, in akwai a je.

Zuciya, da tsare na biyu

Kusan ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo suna faɗawa cikin ciwon damuwa. In ya daina ci, ya ƙi motsa jiki, ya juya wa mutane baya, a gaya wa likita, yana da magani. Kuka ko dariya ba dalili kuma daga ciwon ne, a bar shi ya wuce. A fito da shi zaure ko tsakar gida, a nemi shawararsa kan al'amuran gida. Salla a zaune ko a kishingiɗe, da taimama in alwala ta gagara, duk addini ya ba da dama, kuma komawarsa gare ta na ɗaga masa rai.

Wanda ya yi sau ɗaya yana cikin haɗarin na biyu. Maganin hawan jini ba a ajiye shi don an ji sauƙi. A sayi na'urar awo a gida, a riƙa rubuta sakamako a littafi a kai wa likita. Daga 140 bisa 90 zuwa sama hawan jini ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a rana kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya ma gishiri ne. A kula da suga, a bar taba. Kafin azumi a je a ji ta bakin likita kan lokutan shan magani. Sauran manyan gida su ma su auna jininsu. Gidan da ke da yaro mai sikila su sani cewa yara ma na shanyewa, kuma a Kano an yi aiki sosai kan gwajin jijiyoyin kai da ke gano yaron da ke cikin haɗari tun kafin abin ya faru. A tambayi asibitin da yaron ke zuwa.

Kawu ya taka zuwa masallacin unguwa da sanda a wata na takwas. Hannun bai dawo duka ba, maganar gajeru ce, amma yana kiran kowa da sunansa. A watannin farko matarsa kaɗai ke juya shi cikin dare, har bayanta ya riƙe ta kwanta ita ma. Daga nan muka rubuta jadawali muka manna a bangon ɗaki: wa ke kwana, wa ke motsa masa jiki da safe, wa ke kai shi gashi, wa ke sayen magani in ya rage na kwana bakwai. A rubuta irinsa tun ranar da aka sallamo majinyaci, kuma a sa wa mai jinya ranar hutu a ciki.